Jinjina ga Matatar da Ba Ta Toshewa

A busa algaita, a kaɗa ganga, maroƙa su gyara murya. Yau ranar yabo ce, kuma wadda za a yaba ta daɗe tana yi mana hidima dare da rana ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Matatar ruwan ƙazanta ta Bulumkutu da ke birnin Yerwa nake nufi, gagara-gasa, wadda tun da aka kafa unguwar ba ta taɓa tsayawa ba ko na yini guda. Ba ta shan dizal, ba ta jiran wutar NEPA, ba ta da ma'aikacin da zai tafi yajin aiki, ba a taɓa jin wani ƙarfenta ya karye an aika Turai sayo sabo ba.

Na san wani zai ce ya bi titin Damaturu, ya zaga Bulumkutu Kasuwa, ya leƙa Bulumkutu Abuja, ya haura Tsallake, bai ga ko allon sunanta ba. To ai gwanintar ke nan. Sauran birane sukan kai tasu matatar can bayan gari, su kewaye ta da katanga kamar abin kunya. Mu tamu shimfiɗa ta muka yi a ƙofar kowane gida, kowa ya sami rabonsa, ba a ware maraya ba, ba a manta da bazawara ba. Mai fita sallar asuba ya tsallake ta. Ɗan makarantar allo ya taka ta. Mai ƙosai ta kafa kaskonta a gefenta. Ina aka taɓa rabon arziki na adalci irin wannan?

Ba za a gane girman abin da muka cim ma ba sai an san irin jidalin da muka tsallake. Duk macen da ta taɓa tace gasara ta san ciwon. Da farko ruwan yana zuba ta ƙyallen tata shar-shar, can sai ya koma ɗiga, can sai dusa ta liƙe ƙofofin ƙyallen, dole a matse, a karkaɗe, a ɗauraye. Wannan ciwo na ƙyallen tata shi ne yake hana manyan injiniyoyin duniya barci. Su ma ƙyalle gare su, sai dai nasu tantani ne siriri da ake nannaɗewa kamar tabarma a cusa cikin bututu. Ana tura masa ruwa da ƙarfi, ruwa mai kyau ya ratsa, datti ya tsaya. Mafi tsananinsa shi ne wanda masu gidajen fiya wata suke kira RO, wanda ko gishirin da ya narke ba ya bari ya wuce, balle ƙwayar cuta. Amma sai an matsa masa ruwa da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota sau huɗu ko biyar, kuma kullum cikin barazanar toshewa yake.

Abubuwa huɗu ne ke toshe shi. Akwai laka da ƙura. Akwai farar kanta irin wadda ke taruwa a gindin tukunyar dafa ruwa. Akwai maiƙo da dattin da ya narke ido ba ya gani. Na huɗu shi ne uban tafiya, domin shi mai rai ne. Ƙwayoyin bakteriya ne ke sauka a kan tantanin, su yi zamansu, su fitar da wani yauƙi kamar na kuɓewa su lulluɓe kansu da shi, su hayayyafa a ciki. Wanda ya taɓa zura yatsa cikin randar da aka kwana biyu ba a wanke ba ya ji santsi, to ya gaisa da su. In yauƙin ya yi kauri sai ruwa ya ragu, inji ya ƙara nishi, kuɗin wuta ya hau, a tsai da aiki a yi wanki da sinadari, kowane wanki kuma yana rage wa tantanin kwana.

Masu ilimi suka ce abin mai sauƙi ne, a zuba kulorin a kashe ƙwayoyin kafin su iso. Sai ga wata sabuwa. Tantanin RO na zamani, wanda ake yi da wani sinadarin roba mai suna foliyamaid, ba ya ga-maciji da kulorin: ɗan kaɗan ya daɗe yana taɓa shi sai ya cinye shi kamar yadda gara ke cin tabarma. Dole bayan an zuba kulorin a sake cire shi, ko da gawayin tacewa ko da wata hoda, kafin ruwan ya kai ga tantani. A nan ne gizo ke saƙar. Kulorin yakan kashe raunana ya bar masu taurin kai, ya kuma farfasa dattin ruwan ya mai da shi abinci mai sauƙin haɗiya. Da an janye shi, waɗanda suka tsira sai su tarar da fili ba abokin gasa, ga tuwo a tuƙe. A 2019 masu bincike a Jami'ar Tsinghua da ke Beijin suka wallafa abin da suka gani a ruwan ƙazantar birni da ake tacewa domin sake amfani da shi: zuba kulorin kafin RO ƙara toshewar ya yi, saboda ƙwayoyin da suka jure masa sun fi sauran fitar da yauƙi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tun kafin nan, a 1974, wani masanin sinadarai a hukumar ruwan Rotterdam mai suna Johannes Rook ya gano cewa in kulorin ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da dattin da ke cikin ruwa yakan haifar da wasu sinadarai, ciki har da kulorofom, waɗanda ba a so mutum ya daɗe yana sha da yawa. Darasin da duniya ta ɗauka daga waɗannan duka guda ne: a fara raba ruwa da datti, kulorin ya zo daga ƙarshe ya share sauran.

Ka ji wahala! A tace, a gwada, a auna, a wanke, a sake gwadawa. Mu kuwa Allah ya hutar da mu. Wanda ba shi da ƙyallen tata ai ba ya kukan toshewa. Da injiniyoyin Beijin da na Rotterdam za su sauke girman kai su sauka a filin jirgin saman da ke maƙwabtaka da mu, da mun zaga da su sun ga yadda ake aiki a sauƙaƙe, mataki-mataki.

Matakin farko kwata ce. Ruwan wanka, ruwan wanke-wanke, ruwan wankin ɗuwawun jariri, jinin yanka, duk su fito ta rariya su haɗu a lungu. A nan ake barin su su huta, su yi baƙi, su yi kumfa, sauro ya sa musu albarka. Mu ma muna da tantani, kuma namu kyauta ne: ledar fiya wata. Ita ce ke taruwa a bakin kwalbati ta tare komai, har da ruwan kansa. Tantanin Turawa yana barin ruwa ya wuce ya riƙe datti, namu da ya fi kishi ba ya barin ko ɗaya. Shi ya sa da damina, in sama ta yi awa biyu tana zuba, matatar kan biyo mu har tsakar gida, ta shiga ɗaki ta duba lafiyar katifa.

Mataki na biyu a ƙarƙashin ƙasa yake, inda ido ba ya kaiwa. Birnin Yerwa ba shi da babban bututun da ke kwashe bayan-gida ya kai shi wurin sarrafawa. Kowane gida da raminsa, ko masai ko sokawe. Ma'aikatan agaji suna da ƙa'idar cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. Wannan ƙa'idar masu raba zumunci ce. Mu a fili guda muke haƙa masai, maƙwabci ya haƙa rijiyar burtsatse a bayan katanga, taku goma tsakani, su riƙa gaisawa ta cikin rairayi. Allah ya shimfiɗa wa wannan gari ruwa hawa uku a ƙarƙashin ƙasa, na sama, na tsakiya da na can ƙasa. Na tsakiya da na ƙasa suna da nisan ɗaruruwan mitoci, laka mai kauri ta rufe su, haƙo su sai mai ƙarfi. Talaka na saman yake iya kaiwa, na saman kuwa shi ne maƙwabcin masai. Tun daga 2014, da Bama da Gwoza da wasu garuruwa suka watse, 'yan'uwanmu suka kwararo cikin birni, gidan mutum goma ya koma na talatin. Masai bai ƙaru ba, cika kawai ya riƙa yi da wuri. In ya cika a kira mota ko masu bokiti su kwashe. Ina ake kaiwa? Mai ladabi ba ya tambaya. Abin da ya bar ƙofar gidanka ai ya bar duniya. In kuma ya bi ruwan sama ya gangara kogin Ngadda, ya shayar da latas da kabejin bakin kogi, ya dawo maka a faranti, to ka ga amanar matatarmu: ba ta cin kayan kowa, abin da ka ba ta shi take maido maka.

Mataki na uku jarka ce. Allah ya saka wa mai moya, mai sayar da ruwa, da alheri, wannan kam har zuciya. Shi ne bututun da ba a shimfiɗa mana ba, yana tura kura cikin rairayi a zafin Afrilu da ya haura digiri 40 don mu sami na girki. Laifin ba nasa ba ne in jarkar da ta shekara tana zirga-zirga ta yi kore a ciki. Bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, ba wanda ya taɓa ba shi abin wankewa ko ya nuna masa yadda ake yi. Yauƙin nan da masana ke kashe miliyoyi suna nazari a ɗakunan gwaji, mu a kan kura muke yawo da shi gida-gida, har da ladan turi. In an juye a randa sai a ɗaga moɗa a duba: fari tas, ba wari, ba ɗanɗano. Malamanmu sun karantar da mu cewa ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya ba. Hukuncin alwala da wanka ke nan, kuma daidai yake a muhallinsa. Mu ne da zurfin basira muka ɗauko shi muka mai da shi sakamakon ɗakin gwaji, alhali ƙwayar kwalara ba ta da launi, ba ta da wari, dubbanta sa shige cikin cokali guda ruwan yana ƙyalli.

Wanda ya ce shi ya waye, ba ya shan na randa, sai na leda, shi ma muna da abin da muka tanadar masa. Na taɓa shiga wani gidan fiya wata da ba zan kama suna ba, na tarar da wani saurayi tsugune gaban inji yana share gumi. Na ce, "Samari, lafiya injin ke kuka haka?" Ya ce, "Wallahi Baba, membiren ɗin ce ta toshe. Da ruwa na zuwa kamar famfo, yanzu kamar hawaye." Na ce, "To me za a yi?" Ya ce, "Sabuwa da dala ake sayenta, Baba. Na gaya wa Alhaji tun wancan watan, ya ce a lallaɓa." Na ce, "In ta ƙi lallaɓuwa fa?" Sai ya dubi wani ɗan famfo da ke gefen bututu, wanda in an murɗa shi ruwa ke zagaye tantanin ya wuce kai tsaye wurin ɗauri, ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Akwai masu gidajen ruwa masu tsoron Allah da ke canja kayansu a kan lokaci, su ba su da rabo a wannan yabo. Yabon na mai wancan ɗan famfo ne. Matsalar da ta gagari Jami'ar Tsinghua, shi da murɗi ɗaya ya warware ta.

Sai babban baƙonmu, kulorin, mai farin kaya, ɗan gatan hukumomi. A wasu wurare bawa ne, kullum yana bakin aiki ba a ma san da shi ba. Tun 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba shi a ruwan famfo ba dare ba rana, sauran birane suka bi, taifot ta ja da baya. Mu mun fi su sanin darajar manya. Ba ma wahalar da shi a kan aikin yau da kullum, sai ranar babban taro muke gayyato shi, bayan an fara jera gawa. A watan Agustan 2017 kwalara ta ɓulla a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garage, kafin a shawo kanta ta kama mutum fiye da 5,000 a jiharmu, ta kashe kusan 60. Nan da nan sai ga baƙo ya iso cikin farar mota: ga masu bokiti a bakin rijiyoyi suna ɗiga shi a jarkoki, ga ƙwayoyin kulorin na Aquatabs ana rabawa, ga masu feshi. Waɗannan ma'aikata sun ceci rayuka masu yawa, wasunsu ba su runtsa ba, kuma ba da su nake ba. Da tsarin da ke jiran makoki kafin ya kira su nake, tsarin da in annoba ta lafa yakan naɗe tabarma ya raka baƙo mota, a bar masai da rijiya su ci gaba da hirarsu har wata daminar.

Kuma saboda girman da muke ba shi, mukan ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba shi minti 30 yana aiki, bayan nan a sami aƙalla rabin miligiram nasa da ya rage a kowace lita, kuma kada ya gaza 0.2 a inda ruwan ya isa ga mai sha, domin wannan ragowar ita ce mai gadin randa. Sharaɗin kuwa shi ne ruwan ya zama garau. In da laka, ƙwayoyin cuta sukan laɓe a cikinta kamar ɓarawo a bayan zana. In da datti, dattin ne ke fara cinye kulorin kafin ya kai ga abokin gaba. Sinadarin amoniya da ke fitowa daga fitsari shi kaɗai yakan lashe kulorin da ya ninka nauyinsa sau takwas zuwa goma kafin a ga ragowa. Zafin rana yana rage masa ƙarfi tun yana ajiye a sito. Akwai ma waɗanda ba sa jin tsoronsa: ƙwan tsutsar ciki, da wata ƙwaya mai sulke da ake kira kiriftosforidiyam, wadda a 1993 ta kwantar da mutum kusan 400,000 a birnin Milwaukee, alhali ruwansu da kulorin a ciki. Su sai tacewa. Amma wa zai tsaya wannan dogon lissafi? Mu in mun ji warinsa a hanci, shi ke nan, magana ta ƙare. Turare a kan rigar da ba a wanke ba ai shi ma ado ne.

Ranar da matatarmu ta nuna wa duniya iyakar ƙarfinta ita ce daren 9 ga Satumban 2024, wayewar garin 10 ga wata. Madatsar Alau, wadda aka kammala a 1986, wadda birnin ke sha daga gare ta, ta ɓalle, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shanye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya ratsa gidan namun daji da maƙabarta. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, da yawa suka hauro ɓangarenmu da abin da ke jikinsu kawai. A wannan dare duk ajiyar da aka yi shekara da shekaru ana binnewa a ramuka ta taso, masai da rijiya suka daina gaisuwa ta bayan katanga, suka rungumi juna a fili. Ba a cika wata guda ba, a farkon Oktoba, gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar kwalara. Aka sake aika wa baƙo goron gayyata.

Kada a ce ba a yi mana alkawari ba, an yi, kuma alkawura masu kyau. A Nuwamban 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta. A Nuwamban 2019 aka sa hannu a dokar zartarwa mai lamba 009, aka ce nan da 2025 ba sauran mai bahaya a fili a Nijeriya. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum miliyan 48 suna nan suna yi. Jigawa ta yi abin kai, a 2022 ta zama jiha ta farko da aka ba wa shaidar rabuwa da wannan ɗabi'a. Sauran ƙasa kuwa aka ɗaga mata wa'adi zuwa 2030. Wa'adi ai kamar inuwar bishiya yake, in rana ta matsa sai a ja tabarma. Ko an cika shi ma, ramuka ake ƙirgawa. Inda abin cikin ramin zai je bayan ya cika, wannan an bar wa matatarmu mai albarka.

Dubi wahalallun Windhoek, babban birnin Namibiya. Su ma ƙasarsu busasshiya ce kamar tamu. Tun 1968 suke tattara ruwan ƙazantar gari suna tacewa hawa-hawa har ya koma na sha, a 2002 suka buɗe sabuwar matata mai fitar da lita miliyan 21 a yini, da gawayi, da tantani, da gwaji ba ƙaƙƙautawa. Shekara fiye da hamsin suna ɗawainiya don su sha abin da ya fito daga bayan-gida. Mu ma shi muke sha, ba mu kashe ko kwabo ba. Dubi kuma mutanen Landan. A 1854 likita John Snow ya bi sawun kwalara har zuwa wani famfon unguwa guda, aka cire masa hannu. A 1858 warin kogin Thames ya addabi 'yan majalisa a zaurensu, cikin 'yan makonni suka amince da kuɗin da injiniya Joseph Bazalgette ya gina wa birnin manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa. Raunin hanci ne ya ja musu wannan asara. Namu manyan Allah ya tsare su: gilashin mota a rufe, gida da rijiya mai zurfi, ruwan sha na roba. Wari ba ya isa inda ake sa hannu.

Saura mataki na ƙarshe, wanda duk matatar ta dogara a kansa. Tantani ne shi ma, siriri, mai laushi, ba a sayo shi da dala ba. Yana cikin cikin yaro ɗan shekara biyu. Duk abin da kwata ta tara, rairayi ya miƙa, jarka ta reno, ɗan famfon nan ya zagaye da shi, a nan yake tsayawa a tace. In ƙwayar kwalara ta manne a jikin hanji takan saki dafin da ke sa jiki ya riƙa zubar da ruwansa, zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa. Babban mutum yana iya rasa lita guda a awa ɗaya. Yaro kuwa, da safe yana wasa a ƙofar gida, da la'asar idanu sun faɗa, fata in an ja ba ta komawa, kuka ba hawaye. Wannan tantani ba a tsai da aiki a wanke shi. In ya gaza sai a nemo yadi biyu na fari.

A nan algaita ta yi shiru, domin bakina ba zai iya kai yabon nan gaba ba. Na tsaya a sahun jana'izar da mutum ɗaya ya isa ya ɗauki gawar a hannu biyu. Na ji ana ce wa uwa ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne rai na Allah ne. Amma Allah da ya ƙaddara ajali shi ya hore mana hankali, ya ba mu addinin da litattafansa na fiƙihu suke buɗewa da babin tsarki. Cutar da in an kai mai ita asibiti da wuri, aka ba shi ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa, ba ta kashe ko mutum ɗaya cikin ɗari, ba ta da hujjar zama baƙuwar kowace damina a garin da ke da jami'a, da asibitin koyarwa, da Kwalejin Ramat, garin da a 2019 ya ga farfesan injiniyancin ƙasa da ruwa ya hau kujerar gwamna. Ilimin yana cikin gari.

Ba tantanin RO muke roƙo a kawo wa kwatar Bulumkutu ba. Birnin da ya yi watanni cikin duhu a 2021 bayan an tarwatsa turakun wuta a hanyar Damaturu ya san haɗarin jingina rai ga injin da ba ya motsi sai da lantarki da kayan gyara na ƙetare. Abin da ya dace da mu yana sama da kanmu yana ƙona mu kullum. Tafkunan tace ƙazanta, irin waɗanda Wagadugu ta gina a Kossodo, fili suke so da rana: ƙazanta ta kwanta a na farko, ta ruɓe a na biyu, a na uku rana da gansakuka su kashe ƙwayoyin cuta cikin 'yan makonni, ruwan ya fita ya shayar da gona. A ware wuri sananne inda motocin kwasar masai za su riƙa juyewa, a shanya abin ya bushe ya zama taki, a hukunta mai zubarwa a kwari. A haƙa wa unguwa rijiyoyi masu zurfi, a sa kulorin a tankinsu kullum, rani da damina, a sami mai zagayawa da ɗan abin gwaji yana auna ragowarsa a jarkar mai moya. A riƙa shiga gidajen fiya wata ba sanarwa, a duba ɗan famfon nan. Bulama da Lawan da limamin unguwa su sa baki kafin a haƙa masai a gindin rijiyar maƙwabci. Mu kuma a gida, in ruwa da laka a bar shi ya kwanta ko a sa alif, a tace, sannan a jefa ƙwayar kulorin a jira rabin awa, a wanke randa, a rufe ta, a rataye moɗa. Kulorin amini ne, ya ceci miliyoyin mutane. A ba shi ruwan da zai iya da shi, a daina mai da shi mayafin rufe abin da muka ƙi kwashewa.

Maroƙa ku sauke ganguna ku tafi gida, amma kada ku yi nisa. Ranar da wata uwa a Tsallake za ta tashi cikin dare a tsakiyar Agusta, ta ɗebo ruwa a randa ta miƙa wa ɗanta, ta koma barci gabanta bai faɗi ba, za a aika a kira ku. Ran nan yabon na gaske ne, kuma ni zan fara yi muku liƙi.